Gidajen Fari da Baƙi: Abin da Wasan Cike Gurbi Ya Koya Mini Game da Gidanmu

Wata safiyar Talata ce, cikin hunturun shekarata ta biyu ina karatun digiri na uku a Ingila, na maƙale a kan tambaya guda a shafin baya na jarida. Gidaje bakwai ne a jere. Na riga na sami harafin farko, M, da na ƙarshe, O, tambayar kuwa gajeriya ce: fatar da ake yi wa littafi bango da ita. Na juya ta gabas, na juya ta yamma, har shayina ya huce ban ga haske ba. Wani dattijon Bature mai tsaron ƙofar ɗakin karatu, wanda ya saba ganina da jarida da fensir, ya leƙo ta kafaɗata ya faɗi amsar kamar mai faɗin sunan ɗansa: MOROCCO. Wato sunan ƙasar Maroko shi ne kuma sunan wata irin fata mai laushi da Turawa ke ji da ita.

Da na cike gidajen sai abin ya tsaya mini a rai. Me ya haɗa Maroko da bangon littafi? Na shiga ciki na buɗe littattafai, kafin azahar na gano abin da ya sa na zauna shiru na ɗan lokaci. Kaso mai yawa na fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, fatar jar akuyar Sakkwato ce. A ƙasar Hausa ake jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, ayari ya ɗauke ta ya ƙetare Sahara zuwa gaɓar tekun Bahar Rum, daga can ta shiga Turai da sunan ƙasar da aka gan ta a hannunta. Kakana na wajen uwa majemi ne a birnin Kano. Ina yaro, in an aike ni wurinsa, toshe hanci nake yi saboda warin majema, ban taɓa tsayawa na tambaye shi inda fatun nan ke zuwa ba. Ya rasu ban tambaya ba. Sai da na yi tafiyar dubban mil, mai gadi ya ba ni kalma guda a wasan jarida, sannan na san darajar sana'ar gidanmu.

Tun daga ranar ban cika barin wasan nan ya wuce ni ba. Bayan sallar asuba, kafin hayaniyar yara da shirin fita aiki, nakan ba shi minti ashirin ko talatin, da a takarda, yanzu a waya. Abokan aikina sun sha yi mini tsiya a kai, wasu na cewa ɗabi'ar Turawa ce na kwaso. Yau ina so in yi wa mai karatu bayanin abin da nake samu a ciki, da kuma dalilin da ya sa nake ganin rashin irinsa a jaridunmu na Hausa asara ce da ya kamata mu mayar.

Mene ne wasan, daga ina ya fito?

Ga wanda bai saba da shi ba, wasan cike gurbi, wanda Turawa ke kira crossword, zane ne mai kusurwa huɗu da aka yanka gida-gida kamar dara, wasu gidajen farare, wasu baƙaƙe. A gefe akwai jerin tambayoyi masu lamba. Amsar kowace tambaya kalma ce da za a rubuta a fararen gidaje, harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu a kwance, wasu a tsaye. Daɗin abin shi ne kalmomin suna ratsa juna: harafin da ka samu daga amsar kwance shi zai haska maka ta tsaye, kuskure guda kuma yana iya ɓata maka kusurwa sukutum.

Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi, ranar 21 ga Disamba, 1913, a shafin nishaɗi na jaridar New York World ta Amurka. A 1924 wani sabon kamfanin ɗab'i, Simon & Schuster, ya fitar da littafin farko na irin waɗannan wasanni, kowane kwafi da fensir a maƙale, aka yi ta rububinsa. Daga nan ya haye teku: jaridar Daily Telegraph ta Landan ta soma nata a 1925, The Times kuma a ranar 1 ga Fabrairu, 1930.

Jaridar New York Times, wadda yau wasanta ya fi na kowa suna a duniya, ita ce ta fi kowa raina shi da farko. A 1924 ta yi sharhi tana kiransa ɓata lokaci, ta kuma ƙi buga shi shekara da shekaru. Sai bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a Disambar 1941, Amurka ta shiga yaƙi, editocinta suka ga cewa mutanen da ke kwana cikin fargaba suna bukatar abin da zai ɗauke musu hankali. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, ta buga na farko a ƙarƙashin kulawar Margaret Farrar, a 1950 kuma ya zama na kullum. Tsarinta har gobe shi ne na Litinin ya fi sauƙi, wuya na ƙaruwa har zuwa Asabar, na Lahadi kuma ya fi girma: gida 21 a tsaye da 21 a kwance, maimakon 15 da 15 na sauran ranaku. Will Shortz, wanda ya karɓi ragamar shafin a 1993, digirinsa na jami'ar Indiana a kan nazarin wasannin wasa ƙwaƙwalwa ya yi shi.

Salon Amurka da na Birtaniya sun bambanta. A na Amurka kowane harafi yana cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, tambayoyin kuma galibi na sanin duniya ne: sunan kogi, sunan mawaƙi, babban birnin ƙasa kaza. Na Birtaniya kuwa baƙaƙen gidaje sun fi yawa, kusan rabin haruffa ne kawai ke ratsa juna, amma kowace tambaya tarko ce. Jimlar tana nuna maka gabas alhali amsar tana yamma: ko an hargitsa haruffan wata kalma, ko an ɓoye amsar a tsakiyar wasu kalmomi biyu, ko an kawo ma'ana biyu na kalma guda. Shahararrun masu tsara shi a jaridar Observer har laƙabin manyan alƙalan kotun azabtarwa ta cocin Sifaniya suka ɗauka, Torquemada da Ximenes, don su nuna wa mai warwarewa abin da ke jiransa.

Wasan da ya shiga tarihi

Wanda ya ɗauka wasan yara ne, ya ji abin da ya faru a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairun 1942 Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin minti 12. Bayan 'yan makonni wasu daga cikin waɗanda suka yi fice suka sami wasiƙa daga hukumomin soja, aka ɗauke su aiki a Bletchley Park, inda ake kwance saƙonnin sirri na Jamus. Hukuma ta fahimci cewa mai iya gano kalma daga harafi biyu da gurbi biyar zai yi amfani a wurin.

Shekara biyu bayan haka wasan ya tayar da hankalin hukumar leƙen asiri ta MI5. A watan Mayu da farkon Yunin 1944, ana dab da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, sai kalmomin sirri na shirin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a Daily Telegraph: Utah da Omaha, sunayen da aka laƙaba wa gaɓoɓi biyu da za a sauka, Mulberry, sunan tashar jiragen ruwa ta wucin gadi, Neptune, sunan ɓangaren sojan ruwa, da Overlord, sunan shirin gaba ɗaya. Aka je aka titsiye mai tsara wasan, Leonard Dawe, shugaban wata makarantar sakandare, ba a same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin yakan sa yara su cike masa zanen da kalmomi, shi kuma ya tsara tambayoyin, yaran kuwa a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar suke tsintar kalmomin.

Akwai kuma na ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba, 1996. Tambayar tsakiya a New York Times ta nemi babban labarin jaridar gobe, alhali ba a gama jefa ƙuri'a ba. Masu karatu suka fusata, suna cewa jarida ta yi riga malam masallaci. Ashe mai tsarawar, wani malamin lissafi mai suna Jeremiah Farrell, ya gina zanen yadda CLINTON da BOBDOLE, kowanne harafi bakwai, duk za su zauna daram, tambayoyi bakwai da suka ratsa su kuma kowace tana karɓar amsa biyu. Wanda kuma ya fi taɓa zuciyata shi ne na John Graham, wani limamin coci da ya shafe shekaru yana tsara wa jaridar Guardian wasa da laƙabin Araucaria. Da likitoci suka gano yana da ciwon daji a maƙoshi, a cikin amsoshin wasa ya sanar da masu bibiyarsa. Ya mutu a Nuwambar 2013.

Abin da ke bayan kowace amsa

Duk wanda ya daɗe yana wannan wasa zai lura da wasu gajerun kalmomi masu yawan wasali da ke dawowa kullum, domin su ne ke ɗaure wa mai tsarawa zanensa: ERIE, OREO, ARAL, EMIR, MALI, COLA, OKRA. Mai gaggawa yakan haddace su ya wuce. Ni kuwa darasin da na koya a kan fatar Maroko ya sa na ɗaukar wa kaina ƙa'ida: duk amsar da na rubuta ban san labarinta ba, sai na bi sawunta kafin dare.

ARAL ta kai ni tsakiyar Asiya, ga wani tafki da a da shi ne na huɗu a girma a duniya. Tun daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Syr Darya, zuwa gonakin auduga, har ya janye ya bar jiragen kamun kifi a kife kan yashi. Ina karantawa ina tuna Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi. COLA ta dawo da ni gida kai tsaye, domin asalinta sunan goro ne a wasu harsunan Afirka ta Yamma, kuma da 'ya'yan goro aka fara haɗa lemon Coca-Cola a birnin Atlanta a 1886. Daga nan sai ga ni a kan hanyar Gwanja tare da fataken da ke kai kanwa da tufafi Salaga su komo da goro, waɗanda jikokinsu ke zaune a zangunan Ghana har yau. OKRA kuɓewa ce, kuma masana da yawa na ganin daga harshen Ibo Turanci ya aro sunan. Wata rana tambaya a kan tsohon kuɗin Ingila ta sa na zauna na jera namu: sule daga shilling, sisi daga sixpence, fam daga pound, kwabo daga copper, har zuwa naira da ta maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu, 1973.

Sai dai a nan ne kuma na fara ganin iyakar wasan Turawa a gare mu. Duk wasan cike gurbi yana tafe da wani zato a ɓoye game da abin da ya kamata mai ilimi ya sani. Mai tsarawa a New York yana ɗauka ka san ƙungiyoyin ƙwallon gora na ƙasarsa da sunayen ƙananan garuruwan jihar Ohio. EMIR a wurinsa mai mulki ne a Kuwait ko Ƙatar, da wuya ya tuna da na Kano ko Zazzau ko Katsina. Afirka kan shigo ne idan ana neman harafi huɗu masu sauƙin ratsawa. Su kansu Amurkawa sun san wannan matsala. A 2008 sunan wani ƙaramin gari, Natick, da ke jihar Massachusetts, ya ratsa sunan wani mai zane da ba kowa ya sani ba, masu warwarewa suka yi ta ƙorafi, har sunan garin ya zama laƙabin duk wata mahaɗa da babu mai iya cike ta sai ɗan unguwa. To, ga Bahaushe mai warware wasan Amurka, rabin zanen Natick ne. Bayan shekaru na wayi gari na san tafkuna biyar na arewacin Amurka a jere, amma in aka ce in lissafa ƙofofin birnin da aka haife ni sai na yi inda-inda.

Ƙorafin da ake yi, da gaskiyar da ke ciki

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini: "Dakta, ƙasa na ci da wuta, mutane na neman abin sawa a baki, kai kana ƙirga gidajen dara?" Maganarsa tana da nauyi, ban kuma raina ta ba. Amsata ita ce tarihin da na kawo a sama: a tsakiyar yaƙi ne jaridar da ta fi ƙin wasan ta buɗe masa shafi. Mutumin da ya karanta shafi goma na kashe-kashe da tsadar rayuwa yana da haƙƙin ya sami kusurwa guda inda matsala ke da amsa, inda haƙuri da tunani ke kai shi ga ƙarshe. Minti ashirin ɗin nan kuwa, in ban ba wasan ba, na san inda za su tafi: gungura waya a Facebook da musun da ba ya ƙarewa.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, shi ne cewa tarin ƙananan bayanai ba ilimi ba ne. Wannan gaskiya ne. Akwai gwanayen wasan da suka san sunan wata gaggafar teku mai harafi huɗu amma ba za su gane ta ba ko ta sauka a gabansu. Irin wannan haddar ce muke kuka da ita a jami'a, inda ɗalibi ke zuba maka abin da ka faɗa a aji kalma da kalma ranar jarrabawa, bayan mako guda ya manta. Wasan ba ya ba da ilimi da kansa. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka, sau talatin ko arba'in kowace safiya, daidai inda saninka ya tsaya, ya kuma sa ka ji ƙaiƙayin rashin sani. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. Rabin farko ke nan wasan ya ba ka, na biyun sai ka tashi ka nema. Shi ya sa ba na ganin laifin wanda ya gaza ya duba ƙamus ko intanet, muddin zai tsaya ya karanta abin da ya tarar.

Game da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, a 2022 masu bincike daga jami'o'in Columbia da Duke suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da dattawa 107 masu fama da somin mantuwa, na tsawon mako 78. Waɗanda aka ba wasan cike gurbi sun fi waɗanda aka ba wasannin kwamfuta riƙe tunaninsu. Gwajin ƙarami ne, bai isa a kira wasan magani ba, amma ya isa ya nuna ba a banza ake zaman ba.

Mu ma muna da tushe

Masu cewa ɗabi'ar Turawa ce sun manta da dandali. Wane ne a cikinmu bai zauna a farin wata an ce masa "ƙulin ƙulifita" ya ce "gauta" ba? Shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya: tsintsiya. Baba na ɗaka, gemu na waje: wuta da hayaƙi. Wannan ita ce ainihin dabarar salon Birtaniya, a siffanta abu da gaskiya ta hanyar da za ta kai hankalinka wani wuri. Har ladabin gazawa muna da shi: in ka kasa sai ka ba da gari, a cinye, sannan a faɗa maka amsa. Zaurance ma wasa ne da gaɓoɓin kalma. A zaurukan malamai kuma an daɗe ana karanta Muƙamatul Hariri, mai cike da wasan harafi da tambayoyin gwada fahimta. Cike gidajen zane ma ba baƙonmu ba ne: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi ɗan Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lissafi, inda jimlar lambobi ke zama ɗaya a kwance da tsaye da karkace.

Na gwada tsara wasan da Hausa, na kuma ga inda harshen ke ba da haɗin kai da inda yake turjewa. Mafi yawan kalmominmu baƙi da wasali suke tafiya bi da bi, da wasali kuma suke ƙarewa. In ka rubuta KANO a kwance a salon Amurka, layin da ke ƙarƙashinsa kusan dole ya fara da wasali ya ƙare da baƙi, irin waɗannan kalmomi kuwa ba su da yawa a Hausa. Salon Birtaniya shi ne ya dace da mu, domin a cikinsa harafi na ɗaya da na uku da na biyar ne ke ratsa juna, a Hausa kuma galibi nan baƙaƙe suke, su ne kuwa ke ɗauke da kamannin kalma. Haruffa masu lanƙwasa dole kowanne ya ci gidansa, tunda ƙafa daban, kafa daban, ɓari daban, bari daban. Wannan kaɗai zai yi wa ƙa'idar rubutu hidimar da darasin aji ya kasa, domin wanda ya saba rubuta k a wurin ƙ zanen ne zai ƙi masa. SH da TS kuwa ana iya ba kowanne gida guda, kamar yadda masu harshen Welsh ke yi wa tagwayen haruffansu.

Babbar garaɓasar ita ce rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Abin da ɗalibai ke kuka da shi a darasin nahawu, a nan ya zama taska. Bishiyar da jariri ke yi, harafi huɗu: KUKA. Birni a cikin buhu: GARI. Wahala tsakanin kai da kafaɗa: WUYA. Dutse a Kano, kuɗi a Maraɗi, gyaɗa a tarihi: DALA. Hatsin da ya haɗiye ƙasar Fir'auna, harafi shida: MASARA. Juya gaɓoɓin shekarar da ta wuce ka sami aikin mai gado: BARA ta koma RABA. Har irin dabarar ranar zaɓen Amurka na samu. Ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, harafi huɗu: KANO ta shiga, RANO ma ta shiga. Tambayar da ta ratsa harafin farko kuwa ita ce: in babu shi babu mutum, harafi uku. In ka zaɓi Kano, KAI ne. In ka zaɓi Rano, RAI ne.

Abin da na gani a aji

A zangon karatun da ya wuce na kai wa ɗalibaina na aji uku wani ƙaramin zane da na tsara. Na sa kalmomin sana'o'in gargajiya da gangan: abin da maƙeri ke hura wuta da shi, sandar da mai kaɗi ke murzawa, baƙin kwanon itace na tuwo. Zugazugi da mazari da akushi ke nan. Yawancinsu Hausa ce harshen uwarsu, amma gidajen suka zauna fayau. Da yawa ba su san Rano na cikin Hausa Bakwai ba. Waɗannan yara ne da za su jera maka 'yan wasan ƙungiyoyin ƙwallon Turai har da masu zaman benci, don haka ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Abin da aka riƙa tambayarsu shi suka riƙe, mu kuwa mun daina tambayarsu komai game da gida.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami. Washegari wata ɗaliba ta tare ni a bakin ofis da takardarta a cike. Ta ce: "Malam, jiya da dare na kira kakata a ƙauye saboda tambaya ta tara. Mun fi awa muna magana, ta ce tunda na shiga jami'a ban taɓa tambayarta komai ba sai jiya." Ta buɗe littafinta ta nuna mini abin da tsohuwar ta ƙara mata: shiɓa, gurya, abawa, taskira, kowace da bayaninta. Na dube ta na tuna da kakana da warin majema. Ita ta yi tambayarta da sauran lokaci.

Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmomi wajen 39,000, ga na Abraham, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Dubban kalmomin da ke cikinsu suna kwance ne kamar hatsi a rumbun da aka manta da ƙofarsa. Kalma kuwa ba ta rayuwa a ƙamus, sai an neme ta, an yi musu a kanta a teburin mai shayi, an kira tsohuwa a waya saboda ita. Aikin jarida da Hausa, kamar na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, ya daɗe yana koya wa mutane karatu da ƙa'idar rubutu. Kwata ɗin shafi a mako ya isa a ci gaba da wannan hidima ta wata sabuwar hanya.

Saboda haka ina kira ga editocin jaridunmu, da wannan da nake rubutu a cikinta, su buɗe wannan kusurwa. Ina kira ga malaman sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i da kwalejojin ilimi su sa ɗalibai tsarawa, domin mai tsara tambaya ya fi mai amsa ta koyo. A sa Daura da Damagaram, a sa kogin Hadeja da dutsen Kwatarkwashi, a sa kayan saƙa da na kiɗa da sunayen taurari, a kuma sa Aral da Nomandi, domin ba rufe ƙofa muke nema ba. Abin da muke so shi ne yaronmu ya san duniya yana tsaye a tsakar gidansu.

Kafin editoci su yanke shawara, ga guda uku mai karatu ya kwana da su. Birnin da ke riƙe wando, harafi shida. Mahaifiyar uwa a lokacin girbi, harafi huɗu. Dabbar dawa da mota ke bi ta kanta ta haye kogi, harafi huɗu. Wanda ya kasa kada ya yi saurin ba da gari. Ya fara tambayar tsohon da ke gidansu tukuna.